BABI NA UKU: HANYOYIN FAƊAƊA GININ JIMLAR HARSHEN KWAMFUTA DOMIN KOYARWA DA HAUSA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bitar ayyukan magabata da suka shafi koyar da ilimin kimiyya da harshen uwa. A wannan babi kuwa, za a yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da masana suka bi wajen ƙara wa harshen kwamfuta sababbin sigogin jimla, sannan a auna kowace hanya da bukatun ɗalibin sakandare a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina, waɗanda su ne farfajiyar wannan bincike. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: idan ana son ɗalibi ya rubuta umarninsa na farko ga kwamfuta da Hausa, a wane mataki ya kamata a sa wa harshen hannu? Za a nuna cewa nahawun Hausa da kansa ne ke ƙayyade zurfin da za a shiga, domin akwai sigogin da sauya kalma da kalma ya wadatar da su, akwai kuma waɗanda ba su fassaruwa sai an yi musu li'irabi.

3.1 Ma'anar Ginin Jimla a Harshen Kwamfuta

Harshen kwamfuta tsararren harshe ne da ɗan'adam ya ƙago domin bai wa na'ura umarni. Kamar kowane harshe, yana da kalmomi, yana kuma da dokokin jeranta su, wato ginin jimla. Dangantakar wannan fanni da ilimin harsuna tsohuwa ce. A shekarar 1956 Noam Chomsky ya rarraba nahawu zuwa matakai gwargwadon ƙarfin dokokinsa, a 1959 kuma John Backus ya fito da wata hanya ta rubuta dokokin harshen kwamfuta, wadda Peter Naur ya gyara ya yi amfani da ita a rahoton harshen ALGOL 60. Duk wanda ya saba da dokar nan ta nahawun Hausa da ke cewa jimla ta ƙunshi yankin suna da yankin aiki, ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba.

Kafin kwamfuta ta aiwatar da abin da aka rubuta mata, rubutun yakan bi matakai uku. A mataki na farko ana yayyanka shi zuwa tubala, wato ƙananan guntaye kamar suna da lamba da alamar lissafi da keɓaɓɓiyar kalma. Keɓaɓɓun kalmomi su ne waɗanda harshen ya riƙe wa kansa, ba a yarda mai rubutu ya raɗa wa wani abu sunansu ba. Harshen Python, alal misali, yana da irinsu guda 35. A mataki na biyu ana yi wa tubalan li'irabi, a gina bishiyar da ke nuna wane sashe ne ke ƙarƙashin wane. A mataki na uku ne ake mayar da bishiyar li'irabin zuwa umarnin da na'ura ke ganewa.

Bisa ga wannan, faɗaɗa ginin jimla na nufin sa harshe ya karɓi wata siga wadda a da yake ƙi, ba tare da an sake gina harshen daga tushe ba. Ana iya sa hannu kafin mataki na farko, ko a kan tubala, ko a kan bishiya, ko a cikin dokokin li'irabin su kansu. Waɗannan wurare huɗu su ne suka haifar da manyan hanyoyi huɗu da za a tattauna, sai kuma ta biyar wadda ba ta taɓa ginin jimla ko kaɗan.

3.2 Yanayin Farfajiyar Bincike da Ma'aunan Zaɓi

Ƙananan hukumomin nan uku suna shiyyar kudu da kudu maso yammacin Jihar Katsina. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, ita kuwa Sabuwa tana maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Noma shi ne babbar sana'ar jama'a, musamman na masara da dawa, kuma kasuwanni irin su Sheme da Yankara a ƙasar Faskari sun yi suna wajen cinikin amfanin gona da dabbobi. Yaron da ya taso a wannan yanki ya iya lissafin buhu da tiya tun kafin ya ga kwamfuta, kuma da Hausa yake yin wannan lissafi. Wannan ne ya sa aka ɗauko misalan babin nan daga harkar hatsi.

Matsalar tsaro ta shafi karatu a yankin ƙwarai. A ranar 11 ga Disamba, 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a wancan lokaci. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Darasin da ke cikin wannan ga mai tsara kayan koyarwa shi ne, duk abin da ba ya aiki sai da intanet, ko sai an kira gwani daga nesa ya gyara, ba abin dogaro ba ne a nan.

Saboda haka an tsayar da ma'aunai biyar:

(a) Dacewa da nahawun Hausa: abin da ɗalibi ya rubuta ya kasance Hausa ce ta gaskiya.

(b) Saƙon kuskure: idan ɗalibi ya yi kuskure, a nuna masa layin da ya rubuta da hannunsa.

(c) Sauƙin kulawa: malamin makaranta ya iya fahimtar aikin, ya kuma iya yi masa gyara.

(d) Aiki ba tare da intanet ba, a kan tsohuwar kwamfuta.

(e) Zama gada: ɗalibi ya iya tsallakawa zuwa asalin harshen, domin da shi zai rubuta jarrabawa, da shi kuma zai nemi aiki.

An zaɓi Python a matsayin harshen da za a yi gini a kansa. Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991, kyauta ake samunsa, kuma tun daga siga ta 3.0 da ta fito a 2008 yana karɓar sunaye masu ɗauke da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ.

3.3 Hanya ta Farko: Musayar Rubutu

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Ana rubuta ɗan ƙaramin shiri da zai bi rubutun ɗalibi, duk inda ya ga wata kalmar Hausa ya cire ta ya sa takwararta, sannan ya miƙa wa asalin harshen. Dubi wannan misali:

(1)
idan farashi > 40000:
    buga("Kada a saya")
in ba haka ba:
    buga("A saya")

Abin da ake so a samu shi ne:

(2)
if farashi > 40000:
    print("Kada a saya")
else:
    print("A saya")

Illar wannan hanya ita ce ba ta san iyakar kalma ba. Idan aka ce a mayar da idan zuwa if, to sunan gidan_gona zai koma gif_gona. Idan aka ce a mayar da da zuwa and, dawa za ta zama andwa, kuma saƙon da ɗalibi ya sa tsakanin alamun zance, kamar "masara da dawa", shi ma ba zai tsira ba.

Harshen C yana da gyararren nau'in wannan hanya, wato mai share fage, wanda ya san iyakar kalma kuma ba ya taɓa abin da ke cikin alamun zance. Da shi ne Stephen Bourne ya yi amfani wajen sa C ya yi kama da ALGOL 68 a cikin shirin karɓar umarni da ya rubuta wa Unix, wanda ya fito a 1979. Duk da haka mai share fage bai san li'irabi ba. Idan aka ayyana masa cewa NINKI(x) na nufin x*2, aka kuma rubuta NINKI(3+1), zai fitar da 3+1*2, amsa ta zama 5 maimakon 8, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito. Ke nan wannan hanya ta cika ma'aunai na (c) da (d), amma ta gaza a (a) da (b).

3.4 Hanya ta Biyu: Musayar Tubala

A nan ana barin mataki na farko ya gudana, a yayyanka rubutun zuwa tubala, sannan a sauya tubalan da suka dace kawai. Python yana zuwa da wani sashe mai suna tokenize da ke yin wannan yanka, yana kuma faɗin nau'in kowane tubali da layin da yake. Tun da gidan_gona tubali ɗaya ne, "masara da dawa" ma tubali ɗaya ne, matsalolin da aka gani a 3.3 sun kau. Fassara keɓaɓɓun kalmomi ba sabon abu ba ne: an yi amfani da ALGOL 68 da kalmomin Rashanci, haka kuma harshen koyarwa na Hedy, wanda Felienne Hermans ta fitar a 2020, yana barin yaro ya rubuta keɓaɓɓun kalmomi da harshensa.

Sai dai Hausa tana da wasu siffofi huɗu da ke bukatar kulawa.

Na farko shi ne karon kalmomi. Kalmar in ta Hausa tana gabatar da sharaɗi, alhali a Python in keɓaɓɓiyar kalma ce mai ma'anar "cikin". Mafita ita ce a tsayar da idan kaɗai domin sharaɗi, a tsayar da cikin a madadin in ta Python, a kuma ɗauki in ba haka ba a matsayin dunƙulalliyar siga guda.

Na biyu shi ne alamar hamza. A Python wannan alama tana buɗe zance ne. Idan ɗalibi ya raɗa wa wani ma'aji suna sa'a, za a karanta sa a matsayin suna, a ɗauka sauran layin zance ne da aka buɗe ba a rufe ba. Kalmar 'ya'ya kuwa za a raba ta biyu: zance mai ɗauke da ya, sannan suna ya. Mafita ita ce a keɓe alamar zance mai ɗigo biyu domin zance, a kuma mayar da duk wata hamza da ke wajenta zuwa harafin Unicode mai lamba U+02BC, wanda ya yi kama da ita a ido amma Python ke lissafa shi cikin haruffa. Dole a yi wannan kafin a yi yanka.

Na uku shi ne baƙaƙe masu ƙugiya. Ɗalibai da yawa sun saba rubutun waya, inda ake barin ƙugiya. A wurin kwamfuta kuɗi da kudi sunaye biyu ne daban. Ba kuma zai yiwu a haɗe su da ƙarfi ba, domin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, kalmomi ne mabambanta. Abin da ya dace shi ne mafassarin ya ja hankalin ɗalibi idan ya ga sunaye biyu da ƙugiya kaɗai ta raba, ya bar masa hukunci.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne korewa. Ingilishi yana korewa da kalma ɗaya a gaban abin da ake korewa. Hausa kuwa tana kewaye shi da ba ta farko da ba ta ƙarshe. A ce mai sayen hatsi yana son a mayar da duk buhun da bai cika sharuɗɗa biyu ba:

(3)
idan ba busasshe da tsabtatacce ba:
    buga("A mayar da buhun")

Idan aka mayar da ba ta farko zuwa not, aka yar da ta ƙarshe, za a samu not busasshe and tsabtatacce. A dokar Python, not ya fi and ƙarfin kamu, don haka busasshe kaɗai aka kore. Buhun masarar da ta bushe amma take cike da tsakuwa zai wuce ba a mayar da shi ba, alhali duk Bahaushen da ya karanta misali na (3) ya san a mayar da shi aka ce. Fassarar da ta dace ita ce not (busasshe and tsabtatacce). Wannan ya nuna ba ta ƙarshe tana da aiki: ita ce ke nuna iyakar korewa, aikin da Python ke yi da baka. Amma baka mai buɗewa da mai rufewa sun bambanta a siffa, su kuwa ba biyun siffarsu ɗaya. Ba a iya bambance su sai an duba muhallinsu, wato ko ana jiran farkon furuci ne ko furuci ya riga ya cika. Da zarar an fara irin wannan dubawa, an bar musayar tubala an shiga li'irabi.

3.5 Hanya ta Uku: Makro a kan Bishiyar Li'irabi

Makro wani ɗan shiri ne da ke karɓar reshen bishiyar li'irabi ya mayar da wani reshe a madadinsa, kafin a kai ga mataki na uku. Asalinsa daga harshen Lisp ne, wanda John McCarthy ya fara a 1958, Timothy Hart kuma ya ba da shawarar sa masa makro a 1963. Tun da a kan bishiya ake aiki, kuskure irin na NINKI(3+1) ba ya faruwa, domin 3+1 reshe ɗaya ne da ake ɗauka gaba ɗaya.

Amfanin makro ga wannan bincike zai fito a wajen awo. Hausa tana gabatar da abin ƙirgawa kafin adadi, akasin Ingilishi. Bahaushe yakan ce:

(4)
kaya = buhu 3 da tiya 5

Idan aka ɗauka buhu na cin tiya 40, makro zai mayar da wannan zuwa 3*40+5, wato tiya 125. Tun da girman buhu da na tiya sukan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, ya kamata a bar wa mai rubutu ya faɗi adadin da kansa a farkon shirinsa. A lura kuma da da ɗin da ke cikin misali na (4): tarawa take nufi, ba irin ta misali na (3) ba ce mai haɗa sharaɗi biyu. Kalma ɗaya ce mai aiki biyu, muhalli ne kaɗai ke rarrabe su.

Makro yana da nasa matsaloli. Ta farko ita ce cuɗanyar sunaye. Idan makro ya yi amfani da wani ma'aji na wucin gadi mai suna jimla, ɗalibi ma yana da nasa mai wannan suna, sai na makro ya danne na ɗalibi, lissafi ya lalace ba tare da an ga dalili ba. A 1986 Eugene Kohlbecker da abokan aikinsa suka fito da tsarin tsabtace makro, inda ake sauya wa sunayen cikinsa suna domin kada su yi karo da na waje. Harshen Scheme ya ɗauki wannan tsari, haka ma Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2015, ya bi sahu gwargwado.

Matsala ta biyu ita ce, ba a samun bishiya sai rubutu ya tsallake mataki na biyu. Wato duk abin da za a ba makro dole ya kasance abin da mai li'irabin harshen ya riga ya yarda da shi. Python ba shi da makro, kuma ko da yake yana da sashe mai suna ast da ke ba da damar gyara bishiya, mai li'irabinsa zai ƙi buhu 3 tun kafin a kai ga nan, saboda ba ya yarda suna da lamba su jeru ba alama a tsakaninsu. Ke nan wannan hanya ba ta isa ga misalai na (3) da (4) a Python, sai dai a koma wani harshe da ya fi ƙarfin ɗalibin da ke farawa.

3.6 Hanya ta Huɗu: Gyara Dokokin Li'irabi

Wannan ita ce hanya mafi zurfi. Ana shiga cikin nahawun harshen a ƙara masa dokoki. Ana iya rubuta dokokin da ake bukata kamar haka:

(5)
korewa → ba + furuci + ba
awo → ma'auni + lamba
awo → awo + da + ma'auni + lamba
ma'auni → buhu, tiya

Tun shekarun 1970 akwai kayan aiki irin su Yacc na Stephen Johnson da ke karɓar irin waɗannan dokoki su fitar da mai li'irabi. Da wannan hanya duk sigogin Hausa da aka ambata za su shiga yadda suke. Haka kuma ita ce ke tona inda dokoki suka yi karo. Alal misali, Hausa tana da ƙidaya ta ragewa, kamar ashirin ba ɗaya, wato 19. Idan aka yarda da 20 ba 1, to ba ta sami aiki na uku, kuma a cikin korewa mai li'irabi ba zai san ko rufewa take yi ko ragewa ba sai ya leƙa gaba. Wannan ya sa aka ga ya fi dacewa a bar ragewa ga alamar lissafi da ɗalibi ya riga ya sani.

Tsadar wannan hanya ta fito fili a tarihin harshen OCaml na ƙasar Faransa. Shekaru da dama masu amfani da shi suna da wani kayan aiki mai suna Camlp4, wanda Daniel de Rauglaudre ya fara, da ke ba kowa damar gyara nahawun harshen yadda ya ga dama. Abin da ya biyo baya shi ne, ƙari biyu da mutane biyu suka yi sukan ƙi zama tare a fayil ɗaya, kayan gyaran rubutu sukan kasa karanta abin da aka rubuta, kuma duk lokacin da harshen ya sauya sai an bi an sabunta wannan mai li'irabi na biyu. A siga ta 4.02 da ta fito a 2014 aka cire Camlp4 daga cikin kunshin harshen, aka tanadi wasu keɓaɓɓun gurabe a cikin nahawu inda ƙari zai zauna, ya yi aikinsa a kan bishiya. Wato masu harshen sun ja da baya daga hanya ta huɗu zuwa ta uku. Idan wannan nauyi ya gallabi ƙwararru, to ba abin da za a ɗora wa malamin sakandare a Sabuwa ba ne, ganin cewa Python yana fitar da sabuwar siga kowace shekara.

Akwai darasi mai amfani daga harshen Racket, inda kowane fayil yake shelanta harshen da aka rubuta shi da shi a layinsa na farko. Ta haka ƙari ba ya malala zuwa inda ba a gayyace shi ba.

3.7 Hanya ta Biyar: Barin Ginin Jimla Yadda Yake

Ana iya samun wani sashe na abin da ake nema ba tare da an taɓa nahawu ba. Idan aka tanadi ayyuka masu sunayen Hausa, ɗalibi zai rubuta:

(6)
kaya = buhu(3) + tiya(5)

Wannan halastaccen Python ne, ba ya bukatar mafassari, saƙon kuskure yana nuna layin da ya dace, kuma jerin kalmomin ya bi tsarin Hausa na suna kafin adadi. Rauninsa shi ne keɓaɓɓun kalmomi irin su if da while suna nan da Ingilishi, wato ya gaza a ma'auni na (a). Sai dai shi ne ya fi kowace hanya cika ma'auni na (e), don haka yana da gurbi a matsayin zangon tsakiya.

3.8 Hanyar da Wannan Bincike Ya Zaɓa

Idan aka dubi bayanan da suka gabata za a ga cewa babu hanya ɗaya da ta cika ma'aunan nan biyar. Saboda haka wannan bincike ya zaɓi haɗa hanya ta biyu da ɗan yanki na ta huɗu, a cikin mafassari mai zaman kansa wanda ke karɓar rubutun Hausa ya fitar da rubutun Python. Wannan tsari yana da magabata: Ratfor na Brian Kernighan, a 1974, yana fassara zuwa Fortran ne, haka ma C++ na Bjarne Stroustrup ya fara rayuwarsa a shekarun 1980 ta hanyar fassara zuwa C. Ƙa'idojin aikin su ne:

(i) A gyara hamza tukuna, sannan a yi yanka.

(ii) Keɓaɓɓun kalmomi masu takwara ɗaya, kamar idan da muddin da ko da cikin, a sauya su a matakin tubala, daga wani jadawali da malami zai iya buɗewa ya gyara. Za a ɗauko kalmomin daga Daidaitacciyar Hausa, tun da ita ce ke cikin littattafan makaranta.

(iii) Sigogi biyu kaɗai za a yi wa li'irabi, wato korewa da awo, bisa dokokin misali na (5). Duk sauran nahawu a bar wa Python, domin kada a ɗauki nauyin da ya kayar da Camlp4.

(iv) Kowane layi na Hausa ya haifar da layi ɗaya tak na Python. Ta haka idan Python ya ce akwai kuskure a layi na 7, to layi na 7 ne a rubutun ɗalibi, sai mafassarin ya nuna masa shi tare da bayani da Hausa.

(v) A riƙa nuna rubutun biyu gefe da gefe. Ɗalibi zai fara da siga irin ta misali na (4), ya koma ta misali na (6), daga nan ya shiga asalin harshen.

(vi) Kada a dogara da komai sai abin da ya zo tare da Python, domin a iya ɗaukar aikin a filashi daga makaranta zuwa makaranta.

Wajibi ne a ambaci iyakar wannan zaɓi. Layi yana dacewa da layi, amma muhallin harafi a cikin layin ba ya dacewa, tun da tsawon kalmomin ya bambanta. Har ila yau, kalmomi irin su da da ba da ko sun zama keɓaɓɓu, ɗalibi ba zai iya raɗa wa ma'aji sunansu ba. An ga waɗannan asarori sun fi sauƙi a kan fassarar da za ta juya ma'anar abin da ɗalibi ya rubuta bai sani ba.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar ginin jimla a harshen kwamfuta, an kawo hanyoyi biyar na faɗaɗa shi, an kuma auna su da yanayin makarantun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An ga cewa musayar tubala ta wadatar ga yawancin keɓaɓɓun kalmomi, amma korewa mai ba biyu da awo mai gabatar da suna kafin adadi suna bukatar dokokin li'irabi nasu. A babi na huɗu za a kawo cikakken jadawalin kalmomin da aka zaɓa tare da dalilan zaɓensu, da kuma yadda aka tsara sassan mafassarin ɗaya bayan ɗaya.